Harsashin Orval

Orval Tvedt maƙwabcina ne. Tare muke farauta a duwatsun Montana tun muna da gashi a ka. Da ya sayar da shanunsa ya rasa abin yi, sai ya sayo wata ƙatuwar bindiga, irin wadda ake tarar giwa da ita. Na ce ta fi ƙarfinsa. Ya ce hassada ke damuna.

Shurinta kamar na alfadari. Kafin kaka ta wuce ta koya masa tsoro. Yana taɓa kunamar bindigar sai ya runtse ido, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Barewa ta tsaya masa a fili kamar an ɗaure ta, ya harbi bishiya.

"Iska ce," in ji shi.

"Iskar a idonka take."

Ni nake ɗura harsashina a gareji, ban taɓa sayen na kanti ba. Na ce bari in yi masa marasa ƙarfi har ya saba. Ya ce shi ba yarinya ba ne. To. Na karɓi kwanson harsashin da ya harba, na ce zan cika masa kamar na kanti, na ɗura marasa ƙarfin. Ba rage albarushi kawai ake yi ba. Albarushin ma iri ne daban, a auna na kowane harsashi a sikeli, a leƙa kowane kwanso da tocila kada a zuba sau biyu. Irin wannan harsashi ƙasa yake sauka, sai na ce madubin saitinsa ya goce, na murɗa masa.

Duk lokacin zafi yana harbi a bayan gonata. Ido ya daina runtsewa, tsakiyar kwalin da yake gwada harbi a kai ta cika da huda. Baki kuma ya buɗe. A shagon Bev, inda muke shan kofi, kullum labarin yadda ya hore bindiga yake. A nan ne Bev ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a, ta riƙa karanta mini abincin da ke rubuce a allo ba tare da na tambaye ta ba.

Ran nan Maxine, matarsa, ta tare ni a gidan mai.

"Dell, ya gaya maka? Litinin zai tafi Alaska, wai farautar beyar, ƙaton naman dajin nan mai cin mutum."

Harsashina zai kwantar da barewa a kusa. Beyar kuwa sai dai ya ɓata masa rai, sannan ya cinye Orval har takalmi.

Na same shi yana cusa safa a jaka.

"Harsashin da nake ba ka ba cikakku ba ne. Kada ka kai su gaban beyar."

Bai ko ɗago ba. "Na sani."

"Ka san me?"

"Tun harbin farko. Kai tsoho, kafaɗata ba ta mutu ba fa."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ɗauka idonka ne ya tafi, ba ka ganin sikeli. Ban so in kunyata ka. Bev ma ta ce a rufa maka asiri."

Ni. Ni da nake auna albarushi tun shi bai san bakin bindiga daga gindinta ba.

"Da gangan na yi, sakarai! Don ka daina rufe ido kamar mai atishawa."

"Haka ne, haka ne," in ji shi, da muryar da ake lallashin majinyaci. Ya jawo kwalin harsashin kanti daga jaka. "Ka kwantar da hankalinka, na sayi na gaske."

"Ka gwada su?"

"A can zan gwada."

"A kan beyar? Da madubin da na saita wa marasa ƙarfi? Ɗauko bindigar."

Na tisa shi gaba har bayan gona. Ya kwanta, ya saita. Ban kalli kwali ba, fuskarsa na kalla. Bindiga ta yi tsawa, hularsa ta faɗi, amma idon nan a buɗe. Harsashin ya wuce ta saman kwalin, ya tayar da ƙura can kan tudu.

"Ga beyar ɗinka nan, yana tafe lafiya lau," na ce.

Bai ɗora wa iska laifi ba. Wannan ne karo na farko a shekarar.

Na mayar da madubin inda yake da. Ya sake harbi, kusa. Na ƙara murɗawa. Na gaba ya shiga tsakiya, na bayansa ma haka. Ya tashi yana murza kafaɗa, fuska ta yi ja.

"Ka gani? Na ce maka na hore ta."

Na ɗauki hulata na tafi.

Washegari na je shagon Bev. Ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na karanta mata allon nan daga sama har ƙasa, da ƙarfi, har da ƙananan rubutun da ke gefe.

"Sannu da ƙoƙari, Dell," in ji ta. "Ka haddace ke nan."