Kebul na Biyu

Gwani yana durƙushe a bayan teburin talabijin, kansa cikin ƙura da yanar gizo, sabon kebul mai ruwan ɗorawa a hannunsa, lokacin da matarsa ta ce masa a karo na uku ya fito daga nan.

"Baban Kurciya, don girman Allah ka ƙyale abin nan. Yana tafiya fa. Duba ka gani, kashi arba'in da ɗaya."

"Tafiyar hawainiya yake yi," ya ce daga bayan teburin. "Minti biyu kawai ki ba ni."

Kurciya ita ce 'yarsu tilo, shekararta biyar, an haife ta da tangarɗa a zuciya. Likitocin wani babban asibiti mai nisa sukan zauna sau ɗaya a wata uku, su duba hotunan zuciyar yara, su zaɓi waɗanda za a yi wa aiki. Yau ne zaman, kuma ƙarfe biyu na rana ake rufe karɓar hotuna a shafin asibitin. Likitan da ke duba yarinyar ya faɗa musu ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa wata uku nan gaba ya yi mata nisa.

Sai da safiyar nan ɗakin hoto ya miƙo musu filashin da aka zuba hotunan zuciyarta a ciki. Ƙarfe tara suka fara turawa, kwamfuta ta ce awa huɗu. Ƙarfe ɗaya ke nan za a gama, da ragowar awa guda cur a tsakani, wadda ga mai hankali ta isa har ta yi yawa. To amma zama a zuba wa abu ido ba ya cikin halayen Gwani. Surukansa ne suka laƙaba masa sunan tun ranar da ya gyara musu rimot, wanda batir ne kawai aka sa masa a juye. Aikinsa na gaskiya tsaron sito ne a kamfanin fenti, amma tun daga ranar ya ɗauki sunan da zuciya ɗaya, duk abin da ke da maɓalli a gidan sai ya ji a jikinsa.

Ya daɗe da lura cewa modem ɗinsu, wato akwatin da layin intanet ke shigowa ta cikinsa, yana da rami biyu a baya, ɗaya a banza. Rautar da ke raba wa gida intanet ɗin kuwa, an rubuta a kwalinta cewa tana iya haɗa kebul biyu su zama hanya ɗaya. Ya ma taɓa kallon bidiyon wani mutum da ya yi hakan, alƙaluma suka ninka a gaban idonsa. Kebul biyu, awa huɗu ta koma biyu. Lissafin a wurinsa ko ɗan aji ɗaya ya san shi.

Ya soka kebul ɗin, bai ga wani canji ba. Ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya buɗe saitin rautar a wayarsa, ya nemo wurin haɗa layi biyu, ya danna. Fitilun rautar suka mutu gaba ɗaya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen, wadda kullum take kore, ta dawo ja.

A fuskar kwamfutar, ɗan layin nan shuɗi da suka yi awa biyu saura suna gadinsa ya tsaya. Sai wani rubutu ya fito yana cewa turawa ta yanke, a sake daga farko.

Maman Kurciya ba ta yi ihu ba. Hannu kawai ta ɗora a ka, ta ce, "Innalillahi. Me ka yi mana?"

"Zai dawo. Modem ɗin ne bai san da maganar ba, shi ma sai an kunna masa nasa ɓangaren."

"Ka mayar da shi yadda yake, mu sake yanzu-yanzu."

Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura minti goma. Gumi ya keto masa ta tsakiyar baya.

"In muka sake yanzu sai uku saura. An rufe ke nan. Yanzu kam ba mu da wata hanya sai kebul biyun."

Abin haushin, a wannan karon lissafinsa ya yi kama da gaskiya. Ya nemi shiga saitin modem ɗin, rautar ta ƙi ba shi hanya, tunda su biyun sun daina magana da juna. Sai dai a haɗa kwamfutar kai tsaye da modem. Ya juya kwamfutar dama, ya juya ta hagu. Irin siririyar nan ce ta zamani da ya sha yi wa mutane alfahari da ita, ko ramin kebul ɗaya ba ta da shi.

Dole sai an sayo adafta, ɗan abin da zai ba ta ramin. Ya zura takalmi ko safa babu. Kurciya tana kishingiɗe a doguwar kujera, an tokare ta da filo uku domin kwanciya sosai tana hana ta numfashi. Ta bi shi da ido.

"Baba, ina za ka?"

"Yanzu zan dawo, 'yar Baba."

Layin masu kayan kwamfuta yana can ƙarshen kasuwa. Motar hayar da ya shiga ta tsaya ɗaukar fasinja sau shida, ya ƙirga su, a ta bakwai ya dira ya ƙarasa da gudu. Shagon da ya faɗa na wani dattijo ne da kowa ke kira Mai Kebul, tabaraunsa ɗaure da zare, yana matse kan wani kebul da filaya. Gwani ya zayyana masa komai a numfashi ɗaya.

"Adafta kake nema ko shawara?" in ji dattijon.

"Adafta, Baba. Sauri nake."

"Ga adafta. Shawarar kuma dole ka ji ta, tunda ka ce rai ne. Haɗa kebul biyun nan na gidan da mutum goma ke jan kaya a lokaci ɗaya ne. Fayil ɗaya ba ya rabuwa biyu, kebul ɗaya yake zaɓa ya bi. Sannan matsalarka ba a tsakanin modem da rauta take ba, ɗana. Wannan ɗan tsakanin, ko kebul ɗaya ya yi masa yawa. Kamfani ne ya ba ka babbar ƙofa ta saukewa, ta turawa kuwa 'yar mitsitsiya. Ka faɗaɗa ƙofar falo, ƙofar gida tana nan yadda take."

"A bidiyon da na gani ya ninka."

"Mai bidiyon turawa yake ko saukewa?"

Gwani ya kauce wa tambayar, ya leƙa cikin shagon.

"To a nan shagon fa? Ba ku da layi mai ƙarfi in zo da kwamfutar?"

"Ni da datar waya nake lallaɓawa. Duk layin nan haka muke. Ka koma gida ka kashe abin nan, ka fara turawa, ka kira asibitin ka roƙe su. Shi ne kawai."

Ya karɓi adaftar ya fita ko godiya bai yi da kyau ba. A mota ya riƙa gaya wa kansa cewa tsohon zamani ya wuce shi, ina mai tabarau da zare zai san sababbin na'urori. A can ƙasan ransa kuwa ya san dalilin da ya ƙi yarda. In tsohon ya yi gaskiya, to babu sauran hanya, kuma da hannunsa ya rufe ta.

Sha biyu da minti goma ya shigo gida. Maman Kurciya tana zaune a ƙasa gaban kwamfutar, idanunta sun kumbura.

"Na gwada da wayata," ta ce ba ta dube shi ba. "Awa tara ta ce. Na je gidan maƙwabta, su ma kamfaninmu ɗaya."

Ya durƙusa, ya haɗa adafta, ya shiga cikin modem. Kalmar sirrin tana manne a ƙarƙashin akwatin da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, sau biyu yana kuskure. Ya sami wurin, ya kunna. Modem ya mutu, ya ɗauki lokacinsa kamar ba shi ake jira ba, ya farfaɗo. Ya mayar da kebul biyun. Jar fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma kore. A bayan modem ramukan biyu suka shiga walƙiya tare.

"Ya yi!" Ya daka tsalle har ya buge gwiwa da teburi. "Maman Kurciya, ya haɗu! Ban gaya miki ba?"

Ya haɗu kam, wannan ba a ƙwace masa ba. Aikin da ya fi ƙarfin masu gyara da yawa, mai tsaron siton fenti ya yi shi daidai. Ya zaɓi fayil ɗin, ya danna turawa. Sha biyu da minti ashirin da biyar. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, sannan ta rubuta: awa huɗu da minti biyu.

Ya tsaya yana kallon rubutun, yana jira ya sauka. Ya koma awa huɗu da minti ɗaya.

"Bari in gwada..." ya fara, hannunsa ya nufi rautar.

Ta riƙe masa wuyan hannu. A shekara takwas na aurensu ba ta taɓa yi masa irin wannan riƙon ba.

"Wallahi in ka sake taɓa wani abu a falon nan, ban san abin da zan yi ba. Ɗauki waya ka kira su."

Lambar sakatariyar likitocin tana jikin takardar da aka ba su. Ta ɗauka a bugu na huɗu, da muryar wadda ta saba jin kukan iyaye. Ya faɗi lambar fayil ɗin yarinyar, ya ce hotunan ba za su iso kafin biyu ba.

"Me ya faru? Layi ne ya yanke?"

Ƙaryar tana nan a bakinsa a shirye, kamfanin intanet kuma ba zai ji ba balle ya musa. Ya dubi matarsa, ya dubi Kurciya da ke numfashi da baki a buɗe, leɓunanta sun yi duhu.

"A'a, ranki ya daɗe. Yana tafiya lafiya. Ni na ce zan ƙara masa sauri, na lalata. Don Allah kada laifina ya shafe ta. Shekararta biyar."

Muryarsa ta karye a nan. Ana jin sakatariyar tana buɗe takardu.

"Saurara, Malam. Ba ni da ikon ce wa likitoci su jira kowa. Abin da zan iya shi ne in bar muku shafin a buɗe, in mayar da ita ta ƙarshe. Yara goma sha biyu ne yau. In suka zo kanta hotunan sun shigo, za su duba. In ba su shigo ba, za su tashi."

"Ƙarfe nawa suke tashi?"

"Galibi huɗu. In an sami masu wuyar sha'ani, sukan kai biyar saura."

"Namu sai huɗu da rabi saura kaɗan."

"To sai addu'a. Zan riƙa turo maka saƙo."

Da ya ajiye wayar ya maimaita wa matarsa. Ta ɗaga kai ta dubi agogo, ya ga leɓenta na motsi tana lissafi.

"Da mun sake tun lokacin da na ce, da uku saura ya gama," ta ce. Sau ɗaya ta faɗa, ba da faɗa ba, daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba.

Ta jawo kujera ta zauna tsakaninsa da teburin talabijin. Shi kuma ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, nesa da duk wani abu mai maɓalli. Abincin rana ya huce a tukunya. Kurciya ta sha maganinta ta yi barci a zaune. Kebul biyun suna ta walƙiya a bayan modem cikin nishaɗi, shuɗin layin kuma yana jan ciki da saurinsa na safe, bai ƙara ba bai rage ba.

Ƙarfe uku saƙo ya shigo: suna kan na shida. Uku da rabi: na takwas. Gwani ya ji ɗan sanyi, ashe ba sa sauri. Huɗu saura minti goma wayar ta sake motsi, an ce sun shiga na goma, biyun baya ba su ɗauki lokaci ba. Ya miƙa wuya ya leƙa kwamfutar daga inda yake. Kashi tamanin da biyar, saura minti talatin da bakwai.

Ya haɗa tafukansa. Bai san a fili yake yi ba sai da ya ji muryarsa a cikin falon.

"Ya Allah ka sa na goman nan ya ba su wuya. Ka sa na sha ɗayan ya fi shi rikitarwa, su rasa gane kansa, su yi ta gardama a kai. Ya Allah kada ka sauƙaƙa musu..."

Ya tsaya cak. Sai a lokacin ya ji abin da yake roƙa. Yaro na goma ɗan wani ne, na sha ɗaya ma haka, kuma a wani falon akwai uban da ke zaune da waya a hannu kamarsa, yana roƙon a ce na ɗansa mai sauƙi ne. Kunya ta rufe shi, ya sauke hannayen a hankali ya ɗora a gwiwa.

Maman Kurciya ba ta juyo ba. Idonta yana kan shuɗin layin, hawaye na gangaro mata. A hankali, kamar ba ta son 'yar ta ji, ta ce, "Amin."