Saura Yatsa Biyu

"Ku ƙara matsawa ciki! Mahauci, koma can baya ka zauna daidai kan taya, yau ce ranar amfaninka!"

Baba Walda ne ke ba da umarni daga bayan sitiyari, yana tari tsakanin magana da magana. Maƙwabta sun cika motar maƙil kamar buhunan hatsi, har da Uwar Biyu da tagwayenta a cinya. An riga an sace iskar tayoyin duka huɗu, sun kwanta a ƙasa kamar leɓen mai fushi.

"Baba, shekara da shekaru kana yi mini gorin tumbi," in ji Mahauci, "yau ga shi kana neman alfarmarsa."

"Da na sani da na bari ka ci na rana tukuna."

Tela ce kaɗai ba a saka a ciki ba. Baba ya ce ba ta da nauyin da za ta danne ko keke, don haka ta hau benci a bakin get ta zama idonsu. Daga kan keken ɗinki aka taso ta, zare na maƙale a zaninta. Aikinta shi ne ta duba tsakanin saman motar da lintar get, wato dogon simintin nan da ya gitta saman ƙofar, wanda aka lulluɓe da tayil mai sheƙi.

Motar ta yi gurnani, ta matso a hankali. Gabanta ya fita titi. Gilashinta ya wuce. Sai kariyar da ke samanta, ƙarfen ɗaukar kaya da Baba ya ƙera da hannunsa, ta zo ta tsaya ido da ido da lintar.

"Tsaya, Baba! Tsaya!"

"Nawa ya rage?"

Tela ta ɗora yatsunta kamar yadda take auna bakin riga. Ta so ƙwarai ta yi masa ƙarya.

"Saura yatsa biyu."

"Yatsunki ko na Mahauci?"

Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Duk layin sun san tarihin motar nan. Baba Walda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana liƙa ƙarafan motocin mutane, suna tafiya suna barinsa a rumfa da hayaƙi. Direbobi kan ba shi labarin wani wuri can inda kwalta ta ƙare, bayan duwatsu, inda ruwa ke zubowa daga sama ya taru a kwari, ba ka jin ƙarar janareta ko ta kowa. Da ya rufe rumfa, sai ya sayi wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu wadda kaji ke kwana a ciki, aka jawo ta da igiya zuwa tsakar gida. Ya sa mata suna Tsohuwa. Ya ce shi da ita za su je su kwana ɗaya a bakin ruwan nan, ko da shi ne abu na ƙarshe.

A lokacin ne babban ɗansa, wanda ake kira Manaja saboda aikin ofis, ya gyara fuskar gidan ya ɗora linta. Baba da kansa ya auna Tsohuwa a ranar, ya ce za ta wuce har da rara. Gaskiya ya faɗa, sai dai lokacin tana durƙushe a kan ruɓaɓɓun tayoyi. Daga baya ya sa mata sifirin na babbar mota don kada cikinta ya taɓa dutse. Ya sa manyan tayoyi masu haƙora. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa gado, ya yi wa jarkar ruwa da risho mazauni. Tela, wadda tagar ɗakin ɗinkinta ke kallon tsakar gidan, ita ta ɗinka masa tanti da labule. A ƙarshe ya ɗora kariya, kuma da yake mai walda ne da ba ya yarda da noti, sai ya liƙe ta da jikin motar ta zama ƙashi ɗaya. Duk tsawon wannan aiki bai taɓa ɗaga kai ya dubi ƙofar da yake shiga yake fita kullum ba.

"A ƙaro mutum biyu," in ji Baba. "Za ta zauna."

"Baba, ba wurin ko allura," in ji Mahauci.

Ko ƙafarsa ce ta zame, ko gangan ya yi, Tela ba ta taɓa sani ba. Motar ta zabura, aka ji ƙas, tayil guda ya tsage ya faɗo a gaban benci. Daidai lokacin motar Manaja ta shawo kwana.

Ya fito bai rufe ƙofa ba. Ya dubi tayil ɗin, ya dubi maƙwabta suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da aikin da ya bari.

"Baba, me ke nan? Ka tara mini unguwa ana rushe gida?"

"Lintar nan za ka sa a sauke mini. In na fita a mayar."

"A sauke? Wasa ke nan. Kuma likita cewa ya yi ka kwanta. Huhunka ya gama shan hayaƙi, ka ce daji za ka?"

"Kwanciya ai tana nan tana jira na, ba inda za ta."

"Ka bari ka warke, Baba. In ka warke sai a duba."

Baba ya yi baya da motar zuwa mazauninta, ya kashe. Da yamma ya aika a kira Mahauci da famfon iska, ya ce ba a barin mota a kan taya ba iska.

Washegari Tela ta tare Manaja yana shirin fita. Ita ba mai son shiga maganar gidan wasu ba ce, har sai da ta maimaita abin da za ta faɗa sau da yawa a gaban keke.

"Don Allah ka yi masa. Siminti ne fa, ana mayarwa."

"Anti, kin san abin da kike roƙo kuwa? In buɗe masa ƙofa ya tafi ya faɗi a jeji, gari ya ce ɗansa ya sallama shi?"

"Ka bi shi mana. Kwana ɗaya ne. Kai ka tuƙa."

Ya dubi agogo. "Ina da taro. Kuma wannan tayil ɗin ba a samun irinsa yanzu, kin ga wanda ya fasa ma sai dai a bar gurbin. Ki bar ni da mahaifina, Anti. Zai warke."

Ta lura bai dube ta ba lokacin da ya ce zai warke.

Kullum da safe Baba kan tayar da Tsohuwa don kada batir ya mutu. Tela ta saba, in ta ji gurnanin sai ta ɗora ƙafa a kan keke. Amma tarin yana ƙaruwa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Wata rana ya kira ta ta taga.

"Maƙwabciya, na haƙura da kariyar. Tantinki sai mu kafa a ƙasa. Yanke ta zan yi."

"To ai shi ke nan, Baba! Ina injin yankan?"

"Manaja ya kulle kayan aikina a sito. Wai ƙura." Ya yi murmushin yaƙe. "Ni da na koya masa riƙe cokali. Ki aro mini zarto a wajen mai gyaran famfo, kada ki ce nawa ne."

Ta aro. Ta riƙe masa benci ya hau, ya ɗora zarton a ƙafar kariyar ta gaba. Ya ja, ya tura, ya ja. Numfashinsa ya koma kamar na zugazugi. Da ta sauko da shi, ta duba wurin, sai ta ga ɗan zane kawai kamar na farce.

"Kawo in gwada."

Ta ɗaure zani ta hau. Ta yi ta ja har tafinta ya tashi, garin ƙarfe na zuba a idonta. Can sai zarton ya yi tsalle ya karye biyu. Kariyar tana da ƙafa shida, kuma ko rabin ta farko ba su ci ba.

Baba yana zaune a bakin gadon motar yana dariya, dariyar ta juye tari.

"Kin ga aikin gwani ko? Duk garin nan ba wanda ya taɓa dawo mini da walda ya ce ta saki. Da noti na ɗaura, da ke kaɗai kin kwance ta kafin shayi ya huce."

"Gobe zan sayo wasu zartunan. In kira Mahauci."

"Mahauci ƙashi ya iya sara. Bari, 'yar nan." Ya shafa labulen da ta ɗinka. "Gidan sauron da na ce ki ɗinka fa? An ce sauron bakin ruwa ba ya wasa."

"Saura baki kawai."

"To ki gama. Kada a buɗe ƙofa a same mu ba shiri."

Daga ranar ya mayar da wuninsa cikin motar. Yakan kwanta a gadon, ƙofar baya a buɗe, ya dafa shayi a rishon, ya yi ta kallon get. Manaja ya ce a ƙyale shi, tunda ba inda za ta.

Ran nan da safe Tela ta zauna a gaban keke, ƙafarta a kan mataki, tana jira. Ta ji masu tafiya makaranta sun wuce. Ta ji mai ruwa da kurarsa. Ta ji motar Manaja ta fita. Ba ta ji Tsohuwa ba. Ta ce wa ranta batir ne. Ta zare allura ta sake zurawa ba dalili. Da rana ta ɗaga, ta ninke gidan sauron ta tsallaka.

"Baba, ga shi na gama. Baba?"

Yana kwance a gefensa, takalmansa a ƙafa, igiyarsu a ɗaure. Makullin motar yana cikin hannunsa. An cika jarka da ruwa, an naɗe bargo an ɗaure da igiya. Shayin da ke kofi ya yi fata a sama.

Ba ya numfashi. Ta fita ta kira mutane. Har aka ɗauke shi gidan sauron yana ƙarƙashin hammatarta, ba ta san tana riƙe da shi ba.

Manaja ya yi kuka sosai, wannan kowa ya shaida. Ya riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, bai bar tsohon ya wahalar da kansa ba. Suka ce ya kyauta, Allah ya ba da lada.

Ba a daɗe ba wani mutum mai gajeren wando da baƙin tabarau ya zo ganin motar. Tela tana kallo ta taga. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya bubbuga sifirin, ya kama kariyar ya yi lilo da ita.

"Ita kariyar sai a yanke," in ji Manaja, "don ba ta wuce ƙofa."

"A yanke? Ai saboda ita nake so. In ka taɓa ta na fasa."

Manaja ya ɗaga kai ya dubi lintar. Bai daɗe yana dubawa ba.

Da safe birkila ya zo da guduma da tsani. Tela ta ɗora ruwan shayi lokacin da ya fara bugu. Kafin ta juye a kofi, lintar tana ƙasa gutsi-gutsi, tayil ya watsu har tsakiyar titi.

Mahauci ya zo ya tsaya a bakin tagarta, wuƙa a hannu, bai ma san ya taho da ita ba.

"Ashe dama abin ba wuya," ya ce.

Manaja ya hango ta, ya ƙaraso yana kaɗe ƙura daga kafaɗa.

"Anti, ba yadda zan yi. Ganinta a gidan yana tayar mini da hankali. Ai kin gane."

"Na gane."

"Mutumin yana tambaya ko akwai sauran kayan tantin a wajenki."

Gidan sauron yana kan tebur a bayanta, a ninke. Ta matsa ta tsaya a gabansa.

"Babu."

Bugu ɗaya Tsohuwa ta tashi. Ta taka ɓaraguzan da manyan tayoyinta kamar ba komai, ta fita da kariyarta a sama, labulen Tela na kaɗawa a tagar baya. Ta sha kwana, gurnaninta ya yi ta raguwa har ƙarar titi ta haɗiye shi.

Tela ta zauna a gaban keke, ba ta taka ba. A tsakar gidan, inda motar ta daɗe a tsaye, tayoyi sun bar gurbi huɗu a ƙasa, da baƙin tabon mai a tsakiya. Wata kaza ta zo ta kwanta a gurbi ɗaya tana birgima. Saman get ɗin kuwa ba komai yanzu, sai sarari fayau, tsuntsaye na wucewa.