Ranar da Farfesa Eustachio Ya Tsayar da Waliyyi

Kalma ɗaya tak aka ce Farfesa Eustachio ya furta a ƙofar coci: procedamus, wato mu ci gaba. Da an faɗe ta, sai a fita da mutum-mutumin Waliyyi Rocco a zaga gari. Fada, limamin cocin, ya kwanta da mura, shi ne aka ɗauko tsohon malamin Latin, aka ba kura ajiyar nama.

Matarsa Immacolata tana tsaye bayansa ba takalmi, da kyandir a hannu, idonta na kan hadarin da ya taso daga teku. Kowa ya san in ruwa ya sauko, waliyyi ya koma ciki ke nan sai baɗi. Ita kuwa mahaifiyarta, wadda likita ya ce da wuya ta kai baɗi, tun safe aka ɗora ta a kujera a barandar bene, tana jira ya wuce ta ƙofarta.

Farfesa ya gyara murya, ya ga jama'a, kansa ya kumbura.

"Jama'a, shekara da shekaru kuna jin kalmar nan, wa ya san tushenta? Pro, shi ne gaba. Cedere kuwa, tafiya. Mutanen Roma na da..."

"Farfesa, kafaɗa fa!" in ji Calogero mahauci daga ƙarƙashin katakon da aka ɗora waliyyi a kai. "Mu ne jakunan Roma?"

"Haƙuri, jahilci ya fi wannan nauyi."

Immacolata ta ja gefen kwat ɗinsa. "Eustachio, don girman Allah faɗi kawai. Mamma na jira."

Ya fizge rigarsa ko waiwaye babu. Mutumin da yara suka yi shekaru suna barci a ajinsa, yau ya sami masu sauraro da ba su da halin gudu, ina zai bari? Yana cikin lissafo 'yan'uwan kalmar a harsuna uku ruwa ya ɓarke. Masu ɗauka suka koma da waliyyi ciki da baya da baya, suna tsine-tsine.

A gida suka tarar da tsohuwa an jawo ta bakin taga, mayafinta sharkaf, furen da za ta jefa yana hannunta har yanzu.

"Ya wuce ne ban gani ba?" ta tambaya. "Idona ya mutu, 'yata."

Immacolata ta ajiye kyandir ɗinta. Ta turo mijinta gaban kujerar.

"Ga ta nan, Farfesa. Yi mata bayanin tushen."