Ƙahon da Fernand Bai Amsa Ba

Gidana shi ne na ƙarshe kafin a shiga dajin Montbrézy, tsohon gidan mai gadin ƙofar jirgi ne, tagar kicin ɗinsa tana kallon layin dogo. Jirgi ya daina wucewa tun ina amarya. Layin ya yi shekara da shekaru ciyawa tana cinsa, sai a bana gwamnati ta kwashe ƙarafan, ta zuba kwalta, ta ce ya zama hanyar kekuna, mota ba ta shiga. Tun bazara nake zaune a tagar nan ina kallon baƙi suna wucewa da jakunkuna. Mu dai a garin har yau layin dogo muke ce masa.

Wata Lahadi ce cikin Oktoba, da hantsi, ana yayyafi. Wasu mata da miji suka tsaya neman ruwa, wai daga Lille suke. Matar sunanta Maëlle, mijin Thibault. Shi ne ke jan wani ɗan amalanke a bayan kekensa, gajere, an rufe shi da tamfol mai ruwan ƙasa. Da na leƙa sai na ga yarinya ce a ciki, ba ta fi shekara biyu ba, tana barci da ɗan yatsa a baki. Capucine suke kiranta.

Faɗa suke yi ƙasa-ƙasa, ni kuwa na rage ƙarfin famfon don kada gorar ta cika da wuri.

"Babarka ce ta ce Oktoba ya fi daɗi," in ji matar, "ita da ba ta taɓa hawa keke ba."

"Ki bar Mama ta huta, Maëlle. Ke kika zaɓi hanyar."

"Na zaɓa saboda babu mota. Ban zaɓi ruwan sama ba."

Gorar ta cika dole. Suka yi godiya, suka shige daji.

Ba su daɗe da ɓacewa ba sai ga Solange, ƙawata, a kan kekenta mai batir, ta kawo mini burodi da labarin 'yar mai gasa shi. Tana cikin faɗa mini wa aka gani a bayan coci muka ji ƙaho daga daji, haushin karnuka ya biyo baya.

Na ce, "Yau farautar ta yi kusa. Ba can bayan tafki suka ce za su buɗe farautar bana ba?"

"Sun sauya jiya. Aladun daji sun cinye wa Barnabé masara, ya ce a fara da wannan gefen. Mijina Aimé tun asuba ya fita kafa allunan gargaɗi."

"A ina ya kafa?"

"Inda ake kafawa mana, Ginette. Titin coci, titin tafki."

"A bakin layin dogo fa?"

"Wa zai zo ta layin do..." Ba ta ƙarasa ba. Ta waiwaya ta kalli kwaltar, ga sawun tayoyi a jiƙe.

Tun zamanin babanmu haka ake yi: masu karnuka su shiga daji su taso aladun, masu bindiga su jera a gefen layin, a bar dabba ta fito fili tana tsallakawa, sannan a harbe ta. Barnabé ne shugabansu, kuma dokarsa ce kowa ya bar wayarsa a mota. Solange ta buga ta Aimé duk da haka, tana ta ringin ba wanda ya ɗauka.

Na ce, "Akwai yarinya, Solange. A cikin wani abu gajere mai ruwan ƙasa, kamar alade."

"Hau."

"A ina zan hau? Shekarata saba'in da takwas."

"A mazaunin kaya, tsohuwar banza, hau!"

Na hau da takalman ɗaka a ƙafata, na rungume ƙugunta. Keken nan ya zabura kamar an tsikare shi. Ƙarfen mazaunin yana sukar ƙashina, yayyafi yana dukan fuskata, ganyaye sun rufe kwaltar suna santsi. Haushin karnukan yana hannun hagu, kuma yana ƙara matsowa.

Mutum na farko a jerin shi ne Aimé, da rigarsa mai ruwan lemo, yana gyara ɗamarar wandonsa.

Solange ta taka birki. "Ka ga masu keke?"

"Bayansu na gani. Na ɗan zagaya ne, ina fitowa sun wuce. Kekunan nan ba su da ƙara. Na yi musu ihu, mutumin ya ɗaga mini hannu, wai gaishe shi nake."

"To busa a tsaya."

Ya taɓa ƙahon da ke wuyansa, ya sake shi. "Barnabé ne ke busa tsayawa. Ranar buɗewa guda, in tsayar masa da farauta? Har Kirsimeti ana yi mini dariya."

"Aimé, in ba ka busa ba, rantsuwa nake yi, yau ka kwana da karnukanka, gobe ma haka. Jaririya ce a can!"

Ya busa, doguwar busa wadda kowane ɗan garin ya san ma'anarta: a sauke bindiga, a cire harsashi. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya ji ya maimaita wa na gaba da shi. Muka kasa kunne. Na gaba ya amsa. Na gaba da shi ma ya amsa, can nesa kaɗan. Wani ya sake amsawa. Daga nan shiru.

Na ce, "Wa ke bayan wancan?"

Aimé bai kalle ni ba. "Fernand. A kwanar da layin ya ratsa tudu."

Fernand yayana ne, ya ba ni shekara uku. Kunnensa ya mutu tuntuni, da ɗan abin ji yake yawo, kuma ranar farauta cire shi yake yi ya sa a aljihu, wai ƙarar bindiga tana huda masa kai.

Ban san lokacin da Solange ta ja keken ba. Muka wuce mafarauta suna tsaye da bindigoginsu a sauke a hannu, bakinsu a buɗe. Ɗaya ya ce, "Ina zuwa, 'yan mata?" Karnukan yanzu suna gabanmu, muryarsu ta sauya, ta yi kaifi, irin wadda suke yi in sun ga dabbar da ido.

Muna karya kwana na gansu duka a lokaci ɗaya. Maëlle ta yi nisa gaba, ta tsaya tana waiwaye. Thibault ya kwantar da kekensa, ya tsuguna a bayan amalanken yana fama da sarƙar keken da ta zame. Amalanken yana tsakiyar hanya. Fernand kuwa yana gefen dama, kusa da mu, a bayan wani kurmi, bindiga a kafaɗa, idonsa a kan bishiyoyin hagu. Daga inda yake kurmin ya kare masa su.

Na ƙwala, "Yaya! Yaya Fernand!"

Ko gezau bai yi ba.

Sai ga aladen ya faso daga hagu, baƙi, ƙato, yana gudu a karkace ya nufi wajen amalanken. Na ga bakin bindigar Fernand yana binsa a hankali.

Solange ta ce, "Riƙe ni da kyau."

Ba ta taka birki ba. Tayar gaba ta daki Fernand a bayan gwiwa, bindiga ta tashi, mu uku da keken muka zube cikin kurmi. Kunnena ya toshe. Na ji ɗanɗanon ƙasa a bakina, na ji warin albarushi. Na ɗago kai. Aladen ya tsallaka ya tafi, karnuka suna binsa. Thibault yana kwance rub da ciki a kan amalanken, ya rufe shi da jikinsa, ba ya motsi. Maëlle ta yar da kekenta tana gudowa, bakinta a buɗe amma ba na jin komai.

Da jina ya dawo, abu na farko da ya shiga kunnena kukan yarinyar ne. Kuka mai ƙarfi, na wadda aka tasa daga barci tana jin haushi.

Thibault ya miƙe da kyar, ya kasa buɗe tamfol ɗin, sai matar ce ta yage shi ta ciro 'yarta. Ta juya ta gaba da baya, ta duba wuya, ta duba ƙafa. Babu ko ƙwarzane. Harsashin ya tsaga kwalta a gefen tayar amalanken, tazarar bai kai tsawon hannuna ba.

Fernand ya tashi zaune yana zagi. "Wace mahaukaciya ce wannan? Ginette? Kin sa na rasa alade na farko a..." Sai ya hangi matar da yarinyar a ƙirjinta. Ya laluba aljihu, ya ciro abin jin ya sa a kunne. Kukan ya shiga. Na ga fuskarsa ta koma kamar toka.

Barnabé ya iso da sauran, suna haki. Ya kalli tsagar kwaltar, ya cire hularsa. Fernand ya buɗe bindigarsa, ya zare harsashin da ya rage, ya miƙa wa Barnabé ita.

Sannan Fernand ya ce wa Maëlle, "Baiwar Allah, yaya sunanta?"

Ta juya masa baya. Ta ce wa mijinta ya kwaso kekunan, ita da ƙafa za ta fita. Haka aka yi kuwa. Ta rungume 'yarta tana tafe a tsakiyar hanya, mafarauta sun sa ta a tsakiya da rigunansu masu ruwan lemo. Ni kuwa, Aimé ne ya goyo ni, ƙuguna ya ƙi ɗaukata. Da na waiwaya, Fernand yana nan zaune a kan kututture cikin yayyafi, Solange tana tsaye a kansa tana tsince masa ƙaya daga wuyan riga.