Lokacin Makaɗi

Shekara ashirin Kalyanam da Sundaresan suna musu ɗaya: cikin magabatan da suka tsara waƙoƙin gargajiya, wa ya fi? Kalyanam na bayan mai waƙa da harshen Telugu, Sundaresan na bayan mai yi da harshen Sanskirit. Mutanen nan sun mutu tun kafin a haifi kakanninsu, amma ka rantse gado suka bar musu.

Ran nan a zauren waƙa na birnin Cennai, ƙanin Kalyanam, Muttu, shi ne makaɗi. Karonsa na farko ke nan tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Da safe ya roƙi wansa: "Yaya, in an bar ni ni kaɗai da ganga, ka zauna gaba kana buga mini ƙidaya a cinya. Kaina na ɗaukewa."

"Haba! Sai ka roƙa?"

To, kowa ya san halinmu: mawaƙi na yin shiru ya ba makaɗi fili, rabin zaure sai ya tuna da fita shan kofi. Da lokacin Muttu ya zo, Sundaresan ya miƙe, ya raɗa wa Kalyanam: "Ka ji waƙar gwanina ta ɗazu? Naka gwanin ko a mafarki. Zauna abinka, na san ba ka da amsa."

Ba shi da amsa? Shi? Kalyanam ya ce a ransa minti biyu ya isa, ya bi shi wajen shan kofi. Ina! Ya ci wainar dosa biyu, ya doki tebur, ya rera baiti uku, har masu wanke kofuna suka tsaya kallo. Tafin da ya jiyo daga ciki ne ya dawo da shi hayyacinsa.

Ya sami Muttu a bayan dandali yana sa ganga a rigarta da hannu ɗaya. Kunya ta hana Kalyanam haɗa ido da shi. Ga mutane tsaye, sai bakinsa ya riga shi:

"Kai, Muttu, ka yi kiɗa! Daga baya na tsaya, an fi ji."

Muttu ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa ƙafafun wansa kamar yadda ya saba.

"Ban kai ƙarshe ba, Yaya. A tsakiya na ɓata, mawaƙin ne ya rufa mini asiri."