Ramin da Ke Bayana

Maruru dai bai tashi fito mini ba sai a tsakiyar baya, inda ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa. Kuma sai a makon da wani kamfani ya ɗauke ni direba, bayan wata tara ina zaman kashe wando. Sharaɗinsu ɗaya, in kawo takardar likita cewa lafiyata lau nan da kwana goma sha huɗu.

A asibiti nas ta tsaga shi, ta matse mugunyar, na yi ihu kamar akuya. Sannan ta kira ƙanina, wanda ya rako ni. Shi ma direba ne, magidanci da 'ya'ya uku, kuma sunansa ne ke bin nawa a jerin masu neman aikin kamfanin.

"Duba nan," in ji ta. "Kullum ka wanke da ruwan gishiri, ka cusa zirin bandeji har ƙasan ramin. Dole ya cike daga ciki. In bakin ya riga haɗewa, an koma gidan jiya."

Ya ce ya gane sarai.

Kowace safiya sai in yi rub da ciki a tabarma, ya durƙusa a kaina. Ko ɗis ban ji zafi ba. Har yaba shi nake yi, ni wawa! "Kai, hannunka ya fi na nas ɗin nan sanyi." Sai ya ce, "Yaya, ciwon nan ya yi kyau, saura kaɗan."

A rana ta goma sha ɗaya zazzaɓi ya kayar da ni. Bayana ya ɗau zafi kamar an ɗora dutsen guga. Matata ta kai ni asibiti, riƙe da ledar kayan wankin ciwon.

Nas ta ɓare filasta, ta yi tsaki. "Bakin ya rufe, mugunya ta taru a ƙasa. Wa ke cusa bandejin?"

Ta zazzage ledar a tebur. Ƙunshin bandeji goma sha huɗu ta ba mu, ga su nan goma sha huɗu, ko ɗaya ba a farke ba. Filasta kawai yake manna mini.

Aka sake tsagawa, aka ce sai wani wata guda. Wallahi ba wuƙar ce ta sa ni hawaye ba. Ni na koya wa mutumin nan riƙe sitiyari.

Ranar da wa'adin kamfanin ya cika, da la'asar ƙanin nawa ya shigo ɗakin marasa lafiya, sanye da sabuwar rigar kamfanin, ko karin guga bai fita ba. Ya tsaya ta bayana, inda ya saba tsayawa.

"Yaya, gani na yi kar aikin ya tafi hannun bare."

Na ce, "Zagayo ta gaba, in ga fuskarka."

Bai zagayo ba.