Ina Ruwan Ihsan da Ƙanƙara

Ihsan ta dawo daga makaranta ta wuce ɗaki ba ta ko kalli abincinta ba. Mahaifiyarta Husseina ta bi ta, ta same ta zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa.

Shekarun Ihsan sha biyar. Tun da aka turo mahaifinta aiki ofishin jakadancin Najeriya suka sauka a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, ba abin da take so kamar wasan zamiya a kan ƙanƙara, a filin da ke cikin wani babban kanti. Shi ya sa da makarantarsu ta shirya ranar tarihi, ta zaɓi ta yi bayani kan gasar wasannin hunturu da aka yi a Chamonix ta Faransa a 1924. Ta daɗe tana karatu a kai.

"Umma, malamarmu Madam Dalia ta karɓe batun. Ta ba wa wani yaro ɗan Kanada. Wai ni in yi bayanin gangunan Afirka."

"Ganguna? Ke kin taɓa riƙe ganga?"

"Cewa ta yi zai fi dacewa da ni."

Washegari Husseina ta yafa mayafi ta tafi makarantar. Madam Dalia, malamar tarihi, ta tare ta da murmushi.

"Ma'alish ya madam, ki yi haƙuri, ba da wata manufa ba ne. Iyaye suna son kowane yaro ya kawo abin ƙasarsu. A wajenku ai ba a dusar ƙanƙara."

"Nan Alƙahira ana yi? Bara ke kika koyar da su yaƙin Rasha, wa ya tambaye ki ko kin taɓa jin sanyin can?" Husseina ta ɗaga murya. "Yarinya ta hana kanta hutu ta yi aiki, kin dubi fuskarta kin yanke mata abin da ya kamace ta ta sani. Tarihin duniya gadon wasu ne?"

Hayaniyar ta fito da shugabar makarantar. Bayan an kai ruwa rana, aka ce yaron zai riƙe batun tunda an riga an faɗa wa iyayensa, amma za a bar Ihsan ta yi nata a ƙarshe.

Ranar tarihin, ƙarshen ya zo ne daidai lokacin da aka buɗe teburin shayi a waje. Iyaye suka miƙe suna ficewa. Ihsan ta hau mumbari ta yi wa kujeru bayani: yadda a gasar ba a bar mata sun shiga komai ba sai rawar zamiya, da yadda wata 'yar Norway mai shekara sha ɗaya ta zo ta ƙarshe amma ba ta daina ba. Ba ta yi tuntuɓen harshe ko sau ɗaya ba. Husseina ta tafa har tafinta ya yi zafi.

A bakin ƙofa Madam Dalia ta tare su. "Tamam, ya Ihsan, madalla! Madam, ko za ki dafa mana abincin Afirka ranar bikin iyaye?"

Husseina ta dube ta sama da ƙasa.

"Ba zan dafa ba," ta ce, ta kama hannun 'yarta. "Yalla, mu tafi."